Kogi da Masaƙa: Waiwaye a Kan Tarihin Masana'antun Kaduna

Duk wanda ya taɓa shiga Kaduna ta tsohuwar hanyar kudu ya san ba a kaiwa tsakiyar gari sai an ƙetare ruwa. Matafiyi zai fara ratsa gefen Kakuri, inda zai hangi dogayen gine-gine masu rufin kwanon da ya yi tsatsa da manyan ƙofofin ƙarfe a garƙame, sa'annan ya hau gada ya ga kogi na malala a tsakanin duwatsu, kafin ya faɗa cikin unguwannin ofisoshi da kantuna. A wannan 'yar tafiya da ba ta wuce ta minti ashirin ba, mutum ya ratsa kusan dukan tarihin garin ba tare da ya sani ba. Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu dubi yadda waɗannan abubuwa uku suka haɗu, wato kogin da gadar da gine-ginen da ke garƙame, mu ga abin da kowannensu ya ba garin da kuma abin da ya kasa ba shi.

Bari mu fara da kogin, tun da shi ne babba a shekaru. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, kusa da Vom, ya nufi arewa maso yamma kamar mai shirin zuwa ƙasar Zazzau, sai kuma ya yi kwana ya juyo kudu maso yamma. Bayan wannan kwana ne ya ratsa inda garin yake a yau, ya wuce ta mashigin duwatsun Shiroro, ya bi ta Zungeru da Wushishi, ya shimfiɗu a fadamun ƙasar Nufe, daga ƙarshe ya zuba a Kwara daura da Fategi, bayan tafiyar kimanin kilomita 550. Game da sunansa kuwa, abin da ya fi shahara a bakin Hausawa shi ne daga "kadduna" aka samo shi, wato jam'in kada, saboda yawansu a cikin ruwan a zamanin da. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, waɗanda kuma su aka taras a wurin, suna da tasu ruwayar da ke mai da sunan ga kalmarsu ta kogi. Ba za mu yi hukunci a tsakani ba, illa dai mu lura cewa duk ruwayoyin biyu sun yarda ruwan ne ya haifi sunan.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Kaduna ba garin kogi ba ce irin Lakwaja ko Anaca ko Makurɗi. Waɗannan garuruwa ruwa ne hanyarsu; jiragen 'yan kasuwa sun yi ta tsayawa a bakinsu suna sauke gishiri da tufafi, suna ɗaukar manja da gyaɗa da riɗi. Shi kuwa Kogin Kaduna, a daidai garin, cike yake da duwatsu da gangara. Da rani ya janye har yara su riƙa tsallake shi a wasu wurare, da damina kuma ya cika ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane, kamar yadda ya yi mummunar ɓarna a 2003. Ba a taɓa yi masa tashar jiragen kaya a nan ba, ba kuma za a yi ba. Can ƙasa ne kawai, wajen Wushishi zuwa Kwara, ƙananan jirage ke iya hawowa idan ruwa ya cika. Ke nan kogin ya ba garin suna, ya ba shi ruwa, amma bai ba shi hanya ba. Hanyar daga wani wuri ta zo.

Gada da Gwamna

Turawan mulki sun yi ta yawo da hedkwatarsu kafin su sami wurin zama. Sun fara a Lakwaja a 1900, suka taɓa Jabba, a 1902 kuma Gwamna Lugga ya kafa ta a Zungeru, wadda mutanen da ke kira Dungurum. Abin lura shi ne ita ma Zungeru a bakin wannan kogi take. Amma zafi da sauro sun addabe su a can, ga shi kuma ta yi nisa da manyan masarautun da suke son sa wa ido. Ana cikin haka sai aikin hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 aka kai Kano a 1911, ya ƙetare kogin a wani fili mai tudu na ƙasar Zazzau. Wurin yana da tsawon kimanin mita 600 daga doron teku, saboda haka ya fi Zungeru sanyi. Ruwan samansa kan haura milimita 1,000 a shekara. Tsakaninsa da Zariya kimanin kilomita 80 ne kawai. Sa'annan babu fadar wani sarki a kansa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin dalili ba ne, domin gwamnan da ke mulki ta hannun sarakuna ba ya son zama baƙon ɗaya daga cikinsu. Aka fara kai soja, a 1917 kuma hedkwata ta tare gaba ɗaya. Lugga ma ya so a mai da Kaduna babban birnin Nijeriya duka bayan haɗewar 1914, amma hakan bai yiwu ba.

Daga nan ne garin ya sami kirarinsa na Garin Gwamna, kuma kirarin ya faɗi gaskiya. Kano da Katsina da Zariya kasuwa da sarauta da malanta ne suka gina su a cikin ɗaruruwan shekaru. Kaduna kuwa a takarda aka zana ta. Aka ware wa Turawa unguwarsu a arewacin kogi, aka yi bariki, aka yi Sabon Gari da Tudun Wada don ma'aikata da 'yan ci-rani. A kudancin kogi kuma aka bar wa reluwe. Da hanyar jirgin gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafancan, ta iso a 1927, sai ta haɗu da ta Legas a wannan gaɓa ta kudu. Tun daga ranar Kaduna ta zama mararrabar da duk kayan da za su teku daga ƙuryar Arewa, ko ta Legas ko ta Fatakwal, sai sun bi ta kanta. Akwai wata 'yar gada ta ƙarfe da aka yi a Zungeru a 1904, wadda aka kwance aka kawo Kaduna a 1954, tana nan a lambun Gamji. Mu a ganinmu babu abin da ya dace da zama tambarin garin kamarta, tun da shi ma garin ɗauko shi aka yi daga can aka dasa.

Duk da haka, har zuwa ƙidayar 1952 mutanen Kaduna ba su kai 50,000 ba. Gari ne na akawuna da soja da masinjoji da leburorin reluwe. Ba ya ƙera komi.

Auduga ta Tsaya a Gida

Don mu fahimci abin da ya faru a 1957 sai mun ɗan koma baya. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin auduga. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya zo Kano a 1851, ya taras da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai tufafinta har Tambutu. Da Turawa suka ci ƙasar, babban burin masu masaƙun Lankasha shi ne su sami audugar Arewa a madadin ta Amurka, kuma wannan buri na cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa hanyar Baro zuwa Kano. Amma da jirgin ya iso sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, masaƙan gida kuma suka riƙa sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Sai a hankali, bayan an shigo da irin Amurka a wajen Zariya, aka kuma kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi, auduga ta zama hajar fitarwa. A ɗaure ta dila-dila, jirgi ya bi da ita ta Kaduna zuwa teku, a saƙa ta a Ingila, a komo mana da ita akoko da alawayyo mu saya.

Wannan zagaye ne gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta yi niyyar gajartawa. Ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead and Sons na Lankasha, aka zuba kuɗin hukumar ciniki da ta raya ƙasa, wato dai kuɗin manoma, aka gina Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki a 1957. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya, kuma akoko ta fara saƙawa. Wato maimakon auduga ta je Lankasha, sai Lankasha ta zo wa auduga.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa ba a kai ta Kano ba, inda ake da masaƙa da marina da fatake tun kaka da kakanni? A nan ne kogin ya yi ranarsa. Masaƙar zamani uwar shan ruwa ce. Ana bukatarsa a tukunyar tururi, ana bukatarsa wajen wanke yadi da faranta shi da rina shi, har iskar ɗakin kaɗi sai an jiƙa ta, domin idan hunturu ya busar da ita zare ya yi ta tsinkewa ke nan. Ana kuma bukatar inda za a zubar da ruwan da aka gama aiki da shi. Kano ba ta da kogi irin wannan a lokacin. Ga kuma mararrabar jirgi a bakin ƙofa, ga filin da babu mai gardama a kansa, musamman da aka cire garin daga hannun En'e ta Zazzau a 1956 aka mai da shi yankin babban birni. Muna kuma kyautata zaton gwamnatin ta fi son dukiyarta ta zauna inda idonta ke kai.

Da KTL ta nuna abin na yiwuwa, sai saura suka biyo. Nortex ta zo a 1962. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta hannun Cha Chi Ming, wani attajirin Sin mazaunin Hongkong, wadda daga baya ta fi dukansu girma, ta kuma shahara da atamfa. Arewa Textiles ta Japanawa ta fara aiki a 1965. Ba saƙa kaɗai ba: an buɗe kamfanin giya a 1963, aka kafa masana'antar ƙera makamai ta soja a 1964 da taimakon wani kamfanin Jamus. Kusan dukansu a Kakuri da Maƙera suka zauna, a gaɓar kudu, tsakanin layin dogo da ruwa. A ƙidayar 1963 mutanen garin sun kai kimanin 150,000.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara wasu manya biyu. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, waɗanda muke kira Fijo, 404 da farko sa'annan 504, motar da ta zama ta gwamna da ta ɗan tasha baki ɗaya. A farkon shekarun 1980 abin da yake fitarwa a shekara ya kusa 60,000. Sai dai yadda kayan haɗin ke zuwa abin dubawa ne: saboda cunkoson tashar Legas, an shafe shekaru ana ɗauko su a jirgin sama daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sa'annan a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. A 1980 kuma aka buɗe matatar mai, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina don tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000. Ɗanyen manta ta bututu yake zuwa daga wajen Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita, wani kashi ma mai kauri daga ƙasashen waje irin Benezuwela ake sayo shi. Masaƙa ta zauna a kan abin da ƙasar ke nomawa. Waɗannan biyu kuwa umurnin gwamnati ne ya zaunar da su a inda suke, kuma rayuwarsu ta rataya a kan igiya mai tsawo.

Abin da Jiniya ta Tara

A nan muke son mu ɗan daɗe, domin a ganinmu babban abin da masaƙun suka saƙa ba yadi ba ne. Aiki ake yi ba dare ba rana, kashi uku, jiniya na kaɗawa wasu su fito wasu su shiga. Dubban mutanen da ke amsa wannan jiniya daga ko'ina suka zo: Tibi da Idoma da Igala daga kwarin Binuwai, Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Zazzau, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da mutanen Bendel. Suka cika Kakuri da Maƙera da Nasarawa da Barnawa, wasu kuma suna kwana a Tudun Wada su ƙetaro gada a kan keke kowace safiya. Mai gida Musulmi, ɗan haya Kirista, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Ranar albashi kuwa kowa ya shaida: mai tuwo da mai nama da tela da mai gyaran keke da mai gidan haya duk a kan wannan rana suke lissafi.

Ba mu ce zaman ya rasa tsami ba. Rikicin 1966 ya kori Inyamurai da yawa daga garin, kuma wariyar da ke tsakanin mutanen kudancin Zazzau da masarauta ta girmi masaƙun. Amma a cikin ma'aikata akwai wani abin da ya haɗa mutane wanda ba addini ba ne ba kuma ƙabila ba, wato albashi da wanda ke biyansa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna ta yi hedkwata, ta kuma zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafi tsari a ƙasar. Adams Oshiomhole, wanda ya shiga Arewa Textiles yana saurayi a 1969, ya zama babban sakatarenta a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, har ya yi gwamnan Edo daga 2008. Yaro daga Bendel ya zo Garin Gwamna neman abinci, ma'aikatan Arewa suka ɗora shi a kansu. Irin garin da Kaduna ta kasance ke nan a lokacin.

Shi kuwa kogin, ladan da ya samu shi ne dauɗa. Magudanan Kakuri da Maƙera sun yi shekaru suna kwarara masa ruwan rini da sinadarai, masu lambun fadama kuma suna ban-ruwa da shi a ƙasa.

Yadda Zaren Ya Tsinke

Masaƙun ba rana ɗaya suka mutu ba, kuma ba cuta ɗaya ta kashe su ba. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, samun kuɗin waje don sayo rini da kayan gyaran inji ya zama wahala. A Janairun 1984 ma'aikatan KTL suka fita kan titi saboda batun rabin albashi. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi, kafin ƙarshen shekarar dala ɗaya ta haura naira 3. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar auduga, aka bar manomi da 'yan baranda, iri ya gauraye, inganci ya lalace. Gaskiya ne faɗuwar naira ta ɗan yi wa wasu masaƙun rana, domin atamfarmu ta yi araha a ƙasashen sefa, fatake suka yi ta fita da ita. Amma da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 wannan ƙofa ta ƙuntata.

Sai maganar wuta. Abin mamaki ne a ce a kan wannan kogi aka gina madatsar Shiroro mai megawat 600, aka buɗe ta a 1990, amma masaƙun da ke bakinsa da janareto suke aiki. Baƙin man da tukwanensu ke sha daga matatar garin yake fitowa, ita kuma ta shiga tsayawa yau da gobe, har ta kai ga shafe shekaru ba ta tace komi ba. Masaƙar da ke sayen wutarta da tsada, da injunan da wasunsu tun na shekarun 1960 ne, ita aka ce ta yi gasa da ta ƙasar Sin. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da tufafi. Ko da aka maido da shi a 2002, hanya ta riga ta buɗe: kaya su sauka a Kwatano, su hau zuwa Maraɗi, su tsallako cikin dare su kwana a Kantin Kwari, wani lokaci ma ɗauke da zane da tambarin masaƙun Kaduna na jabu. Ba za mu ga laifin matar da ta sayi turmi mai araha ba. Kuɗin hannunta ta duba.

KTL, wadda ta zama mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe a ƙarshen 2002 ba tare da an sallami ma'aikatanta da haƙƙoƙinsu ba, kuma da yawa daga cikinsu sun mutu suna jiran garatuti. Nortex da Arewa Textiles suka bi bayanta a cikin 'yan shekaru. UNTL ta tsaya a 2007, mutum kimanin 4,000 suka rasa aiki a lokaci guda. An sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnati, amma ba ta koma kamar da ba. Tsofaffin masu kula da inji suka koma acaɓa da gadi da noma.

A daidai waɗannan shekaru ne garin ya tsage. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayukan da aka ƙiyasta sun kai 2,000, na Nuwamban 2002 kuma ya ci sama da 200. Bayan kowace tarzoma sai a ga motoci ɗauke da katifu da tukwane a kan gada, Musulmi na yin arewa, Kirista na yin kudu, ana musayar gidaje ko a sayar da su a wulaƙance. Har aka kai ga wasu na kiran gaɓar arewa Makka, ta kudu kuma Ƙudus. Ba mu ce mutuwar masaƙu ce ta haddasa faɗan ba, domin tushensa na siyasa da sarauta da addini ya fi haka zurfi, kuma an yi na 2000 masaƙun na numfashi. Abin da muke cewa shi ne, da aka gama faɗan, babu sauran jiniyar da za ta tilasta wa mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha su tsaya a gaban inji ɗaya gobe da safe. Kogin da a da ake ƙetarewa don zuwa aiki ya zama iyaka, duk da cewa har yanzu akwai unguwanni a kowace gaɓa da suka ƙi rabuwa.

A 1967 wani Bature mai tsara birane, Max Lock, ya fitar da tsarin da ya hango wa garin har zuwa 2017. Da shekarar ta zo, jirgin ƙasan da ya fi ɗaukar hankali shi ne sabon da aka buɗe a 2016, wanda ke tashi daga Rigasa ya kai ma'aikata Abuja, ba auduga yake ɗauka ba, ba kuma yadi ba. An sami sababbin masana'antu a bayan gari, kamar ta abincin kaji da aka buɗe a 2017 da sabon wurin harhaɗa Fijo na 2022 a hanyar Abuja, an kuma kammala wata madatsar mai megawat 700 a Zungeru a 2023. A Kakuri kuwa, a Janairun 2018, Shugaba Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu. Garin da koginsa bai taɓa ɗaukar jirgin kaya ba ya sami tasha daga ƙarshe, babu ko ɗigon ruwa a cikinta, inda ake kawo kwantena daga Legas, jami'an kwastan su buɗe su a unguwar da KTL ta fara saƙa akoko.